Wa Ya Wanke Tsakar Gida

Litinin, ƙarfe tara da rabi na safe

Auta ce ta ce in dinga rubutawa a wayar nan maimakon ɗaga murya, wai jinina yana hawa. To ga shi ina rubutawa, mu gani ko wayar ce za ta kwashe mini ƙarafan da suka cika mini tsakar gida.

Shekara goma sha ɗaya motar nan tana kwance ƙarƙashin tamfol a jikin katanga, ba ta ce wa kowa ci kanka ba, kaji na yin ƙwai a ƙarƙashinta, muna zamanmu lafiya. Malam, maigidana, ya tuƙa ta shekara ashirin da shida yana kai ubangidansa ofis, da mutumin ya ajiye aiki sai ya ce riƙe ta, ta fi saninka a kaina. Shi Giwa yake ce mata. Ni akwala nake ce mata, kuma a gaban idonta.

Tun ranar da muka dawo daga asibiti, wata biyu ke nan, ko takalmi bai cire ba ya je ya yaye tamfol. Abin da likita ya faɗa ba zan rubuta shi a nan ba. Likita ma mutum ne, yana ci yana sha yana kuskure.

Yanzu kayan cikin Giwa kaf suna waje. Ya sayo alli irin na 'yan makaranta ya zana gida-gida a siminti, tun daga ƙofar kicin har bakin rariya, kowane gida da lambarsa, ɗaya har arba'in da shida, kowanne da ƙarfensa da notocinsa. Wai yadda ya ciro su haka za su koma, daga ƙarshe zuwa farko. Ni da gidana sai tsalle nake kamar yarinya mai 'yar gala-gala, da wannan gwiwar tawa.

Lamba sha bakwai, wani ƙarfe mai ƙugiya da noti uku a bakin rariya, ya yage mini zane yau. Sabon zane.

Laraba, ƙarfe ɗaya na rana

Tiren baƙi. Tiren da ko ni ba na taɓawa sai an yi sallama. Na neme shi sama da ƙasa, ashe yana lamba tara ƙarƙashin taga, an jera masa fulogi huɗu kamar za a kai wa surukai.

Na ce Malam mene ne wannan? Ya ce, “Kwandasta, a hankali, kin kusa taka takwas.” Haka yake kirana tun muna yara, wai shi direba ni kwandasta. Na ce takwas ta ci gidansu. Ya ce takwas ba ta da gida sai wanda ya zana mata. Har da dariyarsa.

Takwas ɗin wasu 'yan zobba ne guda shida sirara kamar awarwaron jarirai. Kaza ta riga ta yi kashi a kansu, ban faɗa masa ba, Allah ya ƙara.

Juma'a, ƙarfe goma na safe

Sau uku ya tambaye ni ko ya sha maganinsa. Ya sha.

Asabar, ƙarfe huɗu na yamma

Ba ni da wurin shanya. Igiyar tana bi ta kan ashirin da biyu da ashirin da uku, wai ruwan kaya zai ɗiga a kafireta ta yi tsatsa. Kafireta! Ni da na haifi 'ya'ya biyar a gidan nan ba a taɓa hana ruwa ɗiga a kaina ba. Na kai shanya bayan kicin inda hayaƙi yake, rigunansa duk sun yi ƙauri, shi zai sa ba ni ba.

Talatin da ɗaya wani dogon sanda ne mai kan ludayi, jikin tankin ruwa. Na buge ɗan yatsa. Na tura wa Auta saƙo ta yi mini dariya, 'ya'yan yanzu.

Lahadi, ƙarfe biyar na yamma

Babba ya zo, babban ɗana, da takalminsa mai ƙyalli yana ɗaga ƙafa kamar zakara a cikin ruwa. Bai ko tsuguna ya ga abin da ubansa ke yi ba. Ya ja ni kicin yana magana ƙasa-ƙasa, wai Mama wannan abin bai dace da halin da Baba yake ciki ba, in ƙarfe ya faɗo masa fa, in ya sha fetur fa. Na ce fetur? Ubanka jariri ne? Ya ce Mama kin dai ji abin da likita ya ce. Na ce na ji, kunnena biyu, ba sai ka maimaita mini a kicin ɗina ba.

Ni zan zagi motar nan. Ni kaɗai. Wanda bai taɓa bugewa da talatin da ɗaya ba kada ya sa mini baki.

Talata, ƙarfe sha ɗaya na safe

Auta ta kai Malam asibiti a duba shi. Na fito da bokiti, baƙin mai ya zubo daga sha biyu ya malala, santsi ya kwashe ni na zauna daɓas, bokiti can, ni nan. Ƙuguna har yanzu kamar ba nawa ba. Na daɗe a zaune ina kallon ƙarafan nan suna kallona.

Talata, ƙarfe ɗaya na rana

Tsakar gida ta yi fes. Rabon da in ga simintin nan da hasken nan tun kafin a yaye tamfol.

Ba abin da ya ɓata. Manyan ƙarafa suna jikin katanga a jere, dogo kusa da dogo. Notoci suna cikin gwangwanayen madara, manya daban, matsakaita daban, ƙanana daban, yadda ake ware maɓallai. Duk mai hankali zai ce an kyauta. Alli kuwa ai alli ne, in an goge a sake zanawa, kwali guda ne da shi.

Ruwa ne ya zuba. Ruwa da garin sabulu da tsintsiya.

Talata, ƙarfe biyar na yamma

Sun dawo. Auta ta sauke shi a ƙofa ta wuce aiki. Ya shigo ya tsaya. Na shirya faɗa, wallahi na shirya, har amsoshina na jera, ƙuguna ne shaida.

Bai yi faɗa ba. Ya dubi siminti, ya dubi gwangwanaye, ya dubi tafin hannunsa. Ya ce, “Ni na kwashe su?”

Na ce shayinka zai huce.

Ya ce, “Ni ne ke nan.” Ya shiga ɗaki.

Ban ce shi ne ba. A duba a gani, ban ce ba.

Alhamis, ƙarfe biyu na rana

Kwana biyu bai taɓa sifana ba. Yana fitowa ya zauna a kujerar roba kusa da Giwa, ya ɗauko noti ɗaya daga gwangwani ya jujjuya ya mayar. Na ce Malam ga allinka, ka sake zanawa mana, mene ne a ciki. Ya karɓa ya sa a aljihu.

Ina daga kicin na ji shi da Auta. Ta ce Baba ai kai ka san motar nan kamar yunwar cikinka. Ya ce, “Da. Da a kaina take, ko ido rufe na haɗa ta. Yanzu kan nawa yoyo yake yi, shi ya sa na zube shi a ƙasa inda zan gan shi. To ga shi wanda na zube ɗin ma na bi na share, kuma ban san lokacin da na yi ba.”

Me ya sa bai faɗa mini ba? Wata biyu ina tsalle a kan abin nan, ai da ya buɗe baki ya ce Kwandasta wannan ba zane ba ne. Shekara talatin da takwas da aure mutum ya kasa faɗa maka magana ɗaya. Laifinsa ne. Rabi dai.

Albasa ce ta sa ni hawaye.

Juma'a, ƙarfe tara na safe

Bai ce mini Kwandasta ba tun Talata. “Ke” kawai.

Asabar, ƙarfe shida na yamma

Babba ya zo ya ga gwangwanaye. Auta ta riga ta kai masa labari, bakinta ba ya riƙe ruwa. Ya tsaya ya riƙe ƙugu ya ce kun gani ko, abin da nake gudu ke nan, yau ya hargitsa aikin wata biyu bai sani ba, gobe wuta zai kunna kusa da fetur. Ya ce Asabar mai zuwa zai kawo mai sayen tsofaffin ƙarafa a kwashe motar da tarkacenta, Baba ya huta.

A gaban ubansa. Yana zaune a nan a kujera, ana maganarsa kamar ya tafi unguwa.

Na ce kai, motar da kake cewa tarkace a kujerar bayanta na fara naƙudarka, ubanka yana tuƙi da hannu ɗaya ɗayan yana riƙe da ni, da ta tsaya a hanya da yanzu ba a san inda kake ba da takalminka. Ya ce Mama ba maganar da ba ce, maganar yanzu ce. Ya juya ya ce ko Baba?

Malam ya ce, “Yadda kuka gani.”

Yadda kuka gani! Mutumin da in ka matsar masa da buta sai ka ji tarihin kakanka.

Na buɗe baki. Na rantse na buɗe. Sai na ce akwai sauran abinci ka tafi wa yara da shi.

Lahadi, ƙarfe uku na rana

Ba abin rubutawa. Shanya ta dawo igiyarta. Ba ta yi mini daɗi ba.

Talata, ƙarfe sha biyu na rana

Na je da kaina na ɗauko bakanike daga bakin titi, na ce ya zo ya nuna inda kowane noti yake shiga. Ya leƙa cikin Giwa ya kwashe da dariya, wai Mama wannan ai ta girmi babana, mu yanzu na'ura muke jonawa ta faɗa mana ciwon mota. Ya zuba hannu a gwangwani ya ce waɗannan duk kama ɗaya gare su amma ba ɗaya ba ne, in ka sa dogo a gurbin gajere sai ka fasa inji, wane mara hankali ne ya haɗe su wuri guda?

Malam ya ce, “Ni ne.”

Na ce wa bakaniken ƙofa tana inda ka bar ta. Ko ruwa ban ba shi ba. Mara kunya, da wandonsa kamar an tsamo daga kwata.

Laraba, ƙarfe takwas na safe

Ya ƙi shan magani. Wai na me.

Alhamis, ƙarfe huɗu na yamma

Ina neman ranar da Auta ta ce a koma asibiti sai yatsana ya ja rubutun nan sama. Sha bakwai, mai ƙugiya, noti uku, bakin rariya. Tara, fulogi. Takwas, zobba shida. Na shiga saƙonnin da na dinga tura wa Auta tun farkon abin nan. Innalillahi. Ashe ba ranar da ban zagi wata lamba ba, da kamanninta da inda take da abin da ta yi mini. Na ƙirga, gida talatin da uku na zaga cikin arba'in da shida.

Na tashi zan kai masa sai na koma na zauna. In na kai zai ce to ai na gode, ya aka yi na share. Zai ci gaba da cewa shi ne. Notocin ba su ne suka kwantar da shi ba, ni ma na sani, ba sai waya ta faɗa mini ba.

Kuma in na faɗa Babba zai dube ni. Auta za ta dube ni. Kwana tara ina kallon mutum yana cin kansa ina miƙa masa shayi.

Juma'a, ƙarfe biyu na rana

Gobe.

Asabar, ƙarfe biyar na yamma

Bari in rubuta tun da zafinsa.

Ƙarfe goma Babba ya shigo da mutumin, wani mai tumbi da ma'auni a kafaɗa, motar ɗaukar kaya tana jira a waje. Auta ma ta zo. Mutumin ya zagaya Giwa ya sa ƙafa ya shuri ƙofarta, wai yana jin kaurin ƙarfe. Ya shure ta! Na ji abin har ƙuguna.

Malam ya tashi ya shiga ɗaki ya fito da makullin, wanda yake ɗaure da tsohuwar fatar nan. Ya miƙa wa Babba ya ce, “Ku ɗauka. Wanda ya share aikinsa bai sani ba, bai kamata a bar shi da ƙarfe ba.”

Ban san lokacin da na fito daga kicin da ludayi a hannu ba. Na ce ajiye makullin nan. Na ce ni ce. Ni na wanke. Kuna asibiti santsi ya kayar da ni na ɗauko tsintsiya na wanke tas, ni na zuba su a gwangwani, wa kuka taɓa gani a gidan nan yana ware abu manya da ƙanana in ba ni ba? Ubanku ko safarsa ya taɓa haɗawa biyu iri ɗaya?

Har kaza ta juyo tana kallona.

Malam ya juyo a hankali. Ya ce, “Ke?”

Na ce ni.

“Ke kika taɓa mini kaya?”

Na ce na taɓa.

Jama'a, sai ga Malam. Malam na da. Jijiyar wuyansa ta tashi. Ya ce dama halinki ne, ke kika wanke mini lasisi a aljihun farar riga shekarar da aka haifi Auta, ke kika ba mai gyaran murhu sifana mai lamba goma sha huɗu ba ta dawo ba har yau, ke kika goge gilashin Giwa da soson ƙarfe ranar wata Laraba ga zanen nan har gobe, zo ki gani! Ya ja ni har gaban gilashin. Zanen yana nan kuwa. Ya yi ta yi, bai tsallake ko ɗaya ba, da shekara da rana. Tun da nake ban taɓa jin daɗin faɗa irin na yau ba. Na ce ƙara, Malam, akwai na rediyo. Ya ce ina zuwa kansa!

Da ya gaji ya zauna yana haki. Sai ya ce a hankali, ba da kowa yake ba, “Ashe ba ni ba ne.”

Auta ta juya baya tana gyaran ɗankwali. Babba yana tsaye da makulli kamar an ba shi riƙon jaririn wani. Ya ce amma Mama duk da haka, likita. Na ce likita ya ce a ƙwace masa mota? Ya ce a'a. Na ce to. Ranar da ka ga ya kunna ashana kusa da fetur ka zo, ni zan buɗe maka ƙofa. Kafin nan ni ce a gidan nan ido biyu, ba kai ba.

Malam ya miƙa hannu. Babba ya sa masa makullin.

Mai tumbi ya ce to shi fa, an taso shi. Na ce ka shuri ƙofar gida in za ka fita, ita ma ƙarfe ce.

Auta ba ta yi mini magana ba har ta tafi. Tana da gaskiya. Ba zan faɗa mata ba.

Lahadi, ƙarfe shida na yamma

Tun safe muna tsakar gida. Ni a kujera da waya, shi a tsugune da alli. Ina karantawa yana zanawa. Na ce, “Sha bakwai, ɗan banza mai ƙugiya, ya yage mini zane.” Ya ce bar ɗan banzan, noti nawa? Na ce uku. Ya zube gwangwani ya dinga gwadawa har ya samo ukun da suka hau. Da muka zo takwas na karanta har da kashin kaza, na manta ban tsallake ba. Ya ce wannan ma an ɓoye mini, Kwandasta?

Kwandasta.

Talatin da uku sun koma gidajensu. Sha uku sun rage, waɗanda ba su taɓa yi mini laifi ba. Ya ce da kin san haka da kin zage su duka. Ya ce hannunsa zai nemo su, hannu bai cika mantuwa ba.

Laraba, ƙarfe sha ɗaya na safe

Babba ya aiko da sabon batir, ba saƙo ba komai. Halin ubansa.

Giwa ba ta tashi ba, ko rabin cikinta bai koma ba. Ban san ko za ta tashi ba. Ban san wa zai riga wani ba, ita ko abin da ba na rubutawa. Shanya ta koma bayan kicin.

Asabar, ƙarfe goma na safe

Na sayo farin fenti na mai da ɗan buroshi. Jiya na bi zanen allin nan gida-gida na shafa, har lambobin, da gwiwar tawa da komai. Yanzu ko ruwan sama ko ni ba mai iya goge shi. Tsakar gidana ta zama allo har abada, duk baƙon da ya tambaya ya tambayi akwala.

Da safen nan ya fito da shayinsa ya tsaya yana kallon fentin. Ya daɗe. Sai ya ce, “Kwandasta, kwanaki kamar an taɓa wanke wurin nan. Ni ne?”

Na ce ni ce, Malam.

Ya ce, “Dama halinki ne.” Ya ajiye kofi ya ɗauki sifana.

In ya sake tambaya gobe, ni ce. Jibi ma ni ce.

Ashirin da shida ta ɗiga mini mai a takalmi. Wani ƙarfe mai baki kamar na buta, noti biyu, dab da ƙofar kicin. Na rubuta.